Mai Suwaita ta Gidan Ruwa

Ƙarfe shida da kwata na safe, ko da ruwan sama ko babu, sai ka ji ƙarar kwaɗo a ƙofar ɗakin ƙarshe na gidan hayarmu. Yau Laraba ma hakan ne. Gari ya waye da zufa, ba iska ko kaɗan, gajimare ya taru can gabas, irin wanda ke jira sai la'asar. Ta fito da jaka a kafaɗa, suwaita ruwan toka a ninke bisa damtsenta. Ta tsaya a bakin igiya ta shanya wata shuɗiya da ta wanke, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta bar ta a nan. Ta yi wa tsakar gida sallama gaba ɗaya. Wanda ya ji ya amsa, wanda bai ji ba shi ke nan.

Shekara talatin da biyar ke nan tana zuwa gidan ruwa. Jibi Juma'a za ta je na ƙarshe.

Mai Suwaita ake ce mata, a unguwa da wurin aiki duka, kuma sunan na tsokana ne. Mace ce da za ka gani da rigar sanyi a hannu a watan da kowa ke fifita da kwali. Mijinta ya rasu da daɗewa. 'Yarta ɗaya tana aure a wani gari mai nisa, takan kira ranar Lahadi, in ka wuce ta tagar za ka ji ana dariya minti goma, daga nan ɗakin ya koma shiru har wani makon.

Ni aski nake yi. Shagona yana kallon ƙofar gidan ruwa, ɗakin Innata kuma yana jikin nata. Wanda ya zauna a kujerar aski ba ya iya riƙe magana, don haka abin da zan faɗa a nan daga bakin waɗanda suka gani na tsinto shi, kaɗan-kaɗan.

Masinjan wurin ne ya fara kwatanta mini ɗakinta. A ƙarƙashin bene yake, ba taga. Iyakwandishan biyu ke aiki dare da rana, ba don ita ba, don akwatunan ƙarfe da ke jere a bango suna ƙyafta fitilu kore. Kujera ɗaya ce a ciki. Ya ce in ya kai mata takarda ba ya wuce bakin ƙofa, don haƙoransa kaɗawa suke yi. A nan take wuni, a nan take cin abincinta, ita da ƙugin injin.

Da tafireta ta fara. Da aka kawo kwamfuta ta farko, kowa ya ja baya, ita ce ta zauna da littafin turancin da ya zo da ita ta yi ta juya shi har ta gane kansa. Aka tura ta kwas, aka sake tura ta. Yau famfunan da ke jawo ruwa daga kogi, da injin da ke zuba masa magani, da bawul ɗin da ke buɗe wa gari, duk daga ɗakin nan ake ba su umarni. Kuma waya ta haɗa ɗakin da ofisoshin sama, ta haɗa ofisoshin da duniya. To akwai ɓarayin da ba sa haura katanga. Masu kutse ake ce musu. Suna zaune a wata ƙasa ko a bayan layinku, ba ka sani ba, suna bin wayar nan suna tattaɓa ƙofofi ko za a dace da wadda aka bari a buɗe. Aikin Mai Suwaita shi ne ta bi ƙofofin nan kullum tana jan kwaɗo.

Aiki ne da ba ya jawo farin jini. Ita ce ta bi kwamfutocin ofis ta toshe ramin filash da gam, ranar da ta tarar ana jona waya ana caji. Ita ce ke ɗaga madannin kwamfutar kowa ta ciro 'yar takardar da ya rubuta lambar sirrinsa, ta yayyaga a gabansa. Duk wata uku sai ta sa an canja lamba, har manaja. Akawu ya taɓa ce mata a gaban mutane, "Anti, ke ko ƙofar Aljanna aka ba ki tsaro, sai kin ce mutum ya kawo harafi takwas da lamba ɗaya."

Ta ce, "Kai dai da sunan matarka da shekarar haihuwarka za ka zo, in kore ka."

Aka yi dariya. Amma da ta juya baya aka ci gaba da wata dariyar daban. In ta shigo wurin cin abinci, hira takan yanke. Ta lura, sai ta daina shiga.

Abin da aka fi yi mata ba'a a kansa shi ne Laraba. Duk Laraba da ƙarfe goma sai ta cire wayar da ta haɗa ɗakinta da waje, ta tuɓe suwaita, ta sauka gidan injin wurin Baba Mai Famfo, dattijon da ke kula da famfunan tun kafin a haifi rabin ma'aikatan. Su bi mita ɗaya bayan ɗaya da ido. Abin da allura ta nuna ta gwada shi da abin da kwamfuta ta faɗa. Baba ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga masa maganin gwaji, su ɗaga shi a haske su dubi launinsa. Sannan ta sa a kashe famfo ɗaya a tayar da shi da hannu, a murɗa bawul a mayar, kamar yadda ake yi kafin zuwan na'ura. Awa guda cur. Shekara goma sha biyu suna yi, ba a taɓa samun bambanci ba ko sau ɗaya. Injiniyoyi su leƙo ta bene suna cewa, "An tafi gaida famfo. Anti, a ce muna gaishe shi."

Baba ya ce shi kansa ya taɓa tambayarta, "Malama, tunda kullum daidai muke samu, wahalar ta mece ce?"

Ta ce, "Baba, ranar da kwamfuta za ta yi mana ƙarya, wa zai gaya mana?"

Ranar ta zo bara waccan, wata Litinin. Baba Mai Famfo ne ya ba ni labarin da bakinsa, kumfa na fuskarsa. Ya ce, "Ɗana, ajiye rezar nan tukuna. Labarin nan sai da hannu, kar ka yanke ni."

Ƙarfe sha biyun rana ake buɗe babban tanki ruwa ya gangara gari. Bututun farko asibiti yake nufa, daga nan makarantar firamare, sannan unguwanni. Da sha ɗaya kuma famfo na biyu ke tashi. Duk lokacin da ya tashi, allurar mita takan yi 'yar rawa kafin ta tsaya, lambar da ke fuskar kwamfuta ita ma ta ɗan motsa. Ba a rubuta wannan a kowane littafi ba. Wanda ya tsaya gaban mitar Laraba ɗari shida ne kaɗai ya san shi.

Ran nan ta ji tashin famfon ta ƙasan ƙafarta, ta dubi kwamfuta, lamba ba ta motsa ba. Komai kore, komai lafiya, tsaf kamar hoto. Ta jira minti biyu. Shiru. Baba ya ce bai taɓa ganin ta da gudu ba sai ranar, da suwaitarta a jiki, tana sauko da matakala bibbiyu.

"Baba, kwalbarka."

"Yau Litinin ce fa, Malama."

"Na sani. Ɗebo."

Ya ɗebo daga bakin tanki, ya ɗiga. Ruwan da ya saba yin launi fari-fari ya rine nan take. Suka leƙa ɗakin magani, sai ga injin yana ta aman magani iya ƙarfinsa, warin har yana yaji a ido. Kwamfuta kuwa tana can tana cewa lafiya lau. Wani ne a wani wuri ya karɓe linzamin, ya liƙa musu hoton jiya a fuska.

Sha ɗaya da minti ashirin. Ta kira manaja, yana taro a hedkwata. Direbansa ne ya ɗauka, ya ce maigida na ciki, an ce ko ƙuda kar ya shiga. Ta kira mataimakinsa, waya a kashe. A dokar wurin kuwa, ba mai rufe wa gari ruwa sai da takarda mai sa hannun ɗayansu.

Ta hau ta fizge wayar waje, irin yadda take yi kowace Laraba. Ta dawo ta ce, "Kashe injin magani da hannu. Ka ɗaure babban bawul, kar ya buɗe da kansa."

Baba ya ce, "Ba takarda?"

"Ba takarda."

"Malama, saura shekara biyu ki huta. Kin san abin da zai biyo baya?"

"In an tambaye ka, ka ce ni na sa ka. Murɗa, Baba, yara na makaranta."

Ya ce su biyu suka kama sitiyarin bawul ɗin, shi da tsufansa, ita da suwaitarta jiƙe sharkaf. Da agogo ya buga sha biyu, suka ji bawul ɗin ya yi ƙara yana neman buɗewa, sarƙar da suka ɗaura ta riƙe shi. Baba ya ce a nan ya zauna a ƙasa.

Kwana uku gari ba ruwa. Sai da aka zubar da tankin nan kaf, aka wanke, aka sake wankewa. Kwamfutocin sama duk sun kulle. Ita ce ta buɗe durowarta ta ciro gwangwanin biskit, a ciki akwai faifan da take kwafe komai duk mako ta cire ta ajiye, ba ya jone da komai. Da shi aka sake tayar da ɗakin. Kafin nan kuwa da hannu aka yi ta tuƙa famfuna, kuma a duk gidan ruwa mutum biyu ne hannunsu bai manta ba. Injiniyoyin da ke aika wa famfo gaisuwa suka tsaya a bayan Baba suna cewa, "Sai wanne kuma, Baba?"

Masu bincike suka zo daga hedkwata, suka ce kar wanda ya buɗe baki sai an gama. Aka gaya wa gari cewa na'ura ce ta samu matsala. Ita kuma aka ba ta takardar tuhuma, ta yi bayanin dalilin rufe ruwa ba izini. Masinja ne ya kai mata, wani ya gan shi. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa matar kwamfutar nan ce ta danna abin da bai kamata ba.

Abin da ya biyo baya ni na gani da idona. Rana ta biyu, wajen ƙarfe biyar, ta dawo gida don ta yi wanka ta koma. Randarta ba ko ɗigo. Ta ɗauki jarka ta bi layin burtsatse kamar kowa. Layi ya kai har bakin masallaci, rai duk a ɓace. Innata tana gabanta da mutum biyu, da bokiti uku da ciwon gwiwarta. Inna ta waiwayo ta gan ta.

"A'a, ma'aikaciya! Ashe ke ma kina shan ruwa? Na ɗauka kwamfutar ce ke ba ki."

Layi ya ɗauki dariya. Wata ta ce, "A bar ta ta wuce gaba mana, ko ta danna mana wannan ma ya tsaya." Wani dattijo ya ce Allah ya isa tsakaninsa da duk wanda ya jawo wannan wahala.

Mai Suwaita ta sauya wa jarkar hannu. Ta ce, "A yi haƙuri, Yaya. Gobe ko jibi zai dawo, in Allah ya so."

"Haƙuri ai shi muke sha tun jiya," in ji Inna.

Ina wurin. Ban yi dariya ba, amma ban karɓar mata jarkar ba. Ta tsaya awa ɗaya da rabi a layin nan ba wanda ya sake yi mata magana.

Kafin ranar, in hadari ya taso tana wurin aiki, Inna ce ke kwashe mata shanya tare da namu. Daga ranar sai ta koma kwashe namu kaɗai. Ba faɗa, ba zagi, ana gaisawa sama-sama. Sau nawa na dawo na tarar da suwaita ɗaya tilo a kan igiya tana ɗigar ruwa. Mai ita ta zo ta matse, ta sake shanyawa, ta shiga ɗaki.

Bayan wata takwas aka kammala bincike. An gano cewa wani ne a ofisoshin sama ya buɗe saƙon da aka turo da sunan ƙarin girma, ta nan aka shigo. Ta san kwamfutar wa ce, ta gaya wa masu bincike tunda aikinsu ne, amma har yau ba wanda ya ji sunan a bakinta. Manaja ya tara ma'aikata ya karanta takarda, ya ce saboda hanzarin ma'aikatanmu Allah ya tsare gari. Ma'aikatanmu. Aka tafa. Tana tsaye can baya kusa da ƙofa, ita ma ta tafa. Takardar tuhuma aka zare ta daga fayil ba sanarwa. Unguwa kuwa ba wanda ya zo ya karanta mata komai.

Makon jiya, da na gama jin bakin Baba, na tare ta a zaure. Na ce, "Anti, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Da farko hana ni aka yi."

"Daga baya fa?"

Ta ɗan yi murmushi. "In na faɗa, ruwan zai ƙara daɗi ne? Yana zuwa dai, ko?"

Na ce yana zuwa.

"To, ka gaida Yaya."

Anti, ke ce wadda ta san rawar allura. Ke ce kika zauna cikin sanyi don mu buɗe famfo ba tare da tunanin komai ba. Ke ce kika tsaya a layin burtsatse da amsa a bakinki, amsar da za ta sa kowa ya sunkuyar da kai, kika haɗiye ta. Yaran da ke firamare ran nan yanzu wasu sun shiga sakandare. Ba su san ki ba. In sun gan ki da suwaita a rana, dariya suke yi. Wata nas da ke kawo ɗanta aski ta ce mini a ranar akwai jarirai goma sha ɗaya a ɗakin haihuwa, kuma da ruwan famfo ake musu wanka. Ita ma ba ta san ki ba. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba abin da ke faruwa ne, kuma ba a yi wa mutum godiya don abin da bai faru ba.

To ni ina yi. Na gode, Anti. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa ɗumin da kika rasa a ɗakin nan ki same shi a sauran kwanakinki. Ki yafe mana layin burtsatse. Ki yafe mini jarkar.

Ku kuma masu karatu, a kowace ma'aikata akwai irinta. A gidan wuta akwai, a asibiti akwai, a ofishin da ke riƙe da takardunku akwai. Shi ne mutumin nan mai takura, wanda ke hana ku jona waya, wanda ke cewa kar a buɗe saƙon da ba a san mai shi ba. In ya ce a canja lamba, a canja ba tsaki. In lokacin cin abinci ya yi, a matsa masa a benci. Sabon injiniyan da zai gaje ta kuma, an ce yana da takardu masu yawa, Allah ya taya shi riƙo. Roƙona ɗaya ne gare shi: kar ya bar Laraba ta mutu. Ya sauka ya gaida famfo, ko za a yi masa dariya shekara goma sha biyu.

Shekaranjiya na zaunar da Inna na ba ta labarin tun daga kwalbar Baba har sarƙar bawul. Ta saurara tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "To ita wa ya ce ta yi shiru? Ba baki gare ta ba?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake ba.

Yau da la'asar hadarin nan ya cika alkawari. Iska ta taso, na rufe shago na yo gida da sauri. Ina shiga zaure na hango Inna a bakin igiya tana kwashe kayanmu, tana ɗingisa ƙafa. Ta gama, ta rungumo su, ta nufi ɗaki. Har ta sa ƙafa ɗaya ciki sai ta tsaya. Ta zube kayan a kan tabarma, ta koma. Ta cire shuɗiyar suwaitar, ta kakkaɓe, ta ninke hannayenta ciki, ta sa a leda, ta rataye a jikin kwaɗon ɗakin ƙarshe, inda rufi ke kare feshi. Ta juyo ta gan ni.

"Me kake kallo? Shigo da bokitin can."

Ana tsaka da ruwa Mai Suwaita ta dawo, jaka a ka. Ta dubi igiya, wayam. Ta isa ƙofarta ta ga leda. Ta buɗe, ta taɓa, a bushe. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Kowace ƙofa a rufe take, ba kowa a tsakar gida sai ruwa. Ta daɗe tsaye da ledar a ƙirjinta, sannan ta buɗe kwaɗo ta shiga.